Gidan Silima da Gidan Tarihi

Gini, kamar ɗan Adam, yana da ƙuruciya, yana da tsufa. In ya tsufa kuwa, ɗayan abu uku ke samunsa. Ko dai a rushe shi a sayar da filin, ko a yayyanka shi a mai da shi rumfuna da kantuna, ko kuwa, in ya zo da ƙashin arziki, hukuma ta ce wannan ba na rushewa ba ne, a share shi, a zuba kayan mutanen dā a ciki, a kira shi gidan tarihi. Na ukun nan shi ya fi wuyar samuwa a ƙasarmu. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne irin gine-ginen da suka sami wannan rabo, da waɗanda aka hana wa, mu ga ko an yi rabon nan bisa adalci.

Bakatsine ba sai ya ɗaura sirdi ba kafin ya ga misali. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, yau gidan tarihi ce. A ɗakunan nan aka koyar da Sir Kashim Ibrahim, da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Alhaji Abubakar Imam, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun ba wanda ya san abin da za su zama. Cikin 1938 aka ɗauke makarantar aka kai ta Kaduna, daga can kuma sai Zariya cikin 1949, inda ta ke har yau da sunan Kwalejin Barewa. Ginin da ta bari a Katsina kuwa, cikin 1959 Gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe.

Wanda duk ya san halin ginin ƙasa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Soro ba ya son kaɗaici. In babu mai kwana ciki, babu mai wuni, to, babu mai ganin indararo ya toshe, babu mai lura gara ta kama azara. Damina ta fari ta wanke yaɓe, ta biyu ta tsaga bango, ta uku sai a wayi gari a ga tudu, awaki suna hawa suna sauka. Saboda haka waɗanda suka ba tsohuwar kwalejin nan sabon aiki sun cancanci yabo. Da kwaɗo aka sa mata aka ce ana adana ta, da tuni ta zama labari. Sawun mutane ne ya tsare ta.

Amma fa bari mu yi ƙidaya. A Kano akwai Gidan Makama, inda aka ce Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta cikin ƙarni na 15. Akwai Gidan Ɗan Hausa, watau gidan Baturen nan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin 1909. A Kaduna akwai Gidan Arewa, gidan da Sardauna ya zauna sa'ad da ya ke Firimiya, wanda aka mayar wurin binciken tarihi cikin 1970. Sa'an nan ga kwalejinmu. Gidan sarki ke nan, da gidan Bature, da gidan Firimiya, da makarantar da ta yaye manya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da mai hankali zai ce bai cancanta ba. Duk da haka, in baƙo ya zo ya zagaya su duka ya koma garinsu, sai ya yi zaton mutanen ƙasar nan duk masu rawani ne. Ina mahauci, ina tela, ina ɗan dako, ina yaron mota? Su ma sun yi zamani, zamaninsu kuma yana da nasa gine-gine. Ɗaya daga cikin gine-ginen nan, wanda dubban talakawa suka kashe kwabonsu da darensu a ciki har wajen shekara hamsin, shi ne gidan silima. Mun ba gidajen manya ɗakunan tarihi, wannan kuwa mun bar shi ga mai rabo.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a raba majigi da silima, gama yaran yanzu su kan gama su. Majigi na Gwamnati ne, kyauta kuma a ke yinsa. Mota ce ke zuwa gari da injinta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a dandali, in an yi sallar lisha jama'a su taru, maza da mata da yara. A nuna yadda a ke kashe ɓera, da yadda a ke haƙa masai, da yadda a ke shuka auduga a layi, ga tafinta a gefe yana fassarawa, wani lokaci har ya ƙara nasa gishiri. Wani Baturen tsabta, William Sellers, shi ya yi suna da wannan aiki a Nijeriya tun cikin shekarun 1930, zamanin Yaƙi da Jahilci kuma an more shi ƙwarai. Silima kuwa ta 'yan kasuwa ce. Gini ne mai katanga da ƙofa, ba ka shiga sai ka yanki tikiti, ba kuwa wanda zai yi maka wa'azin tsabta a ciki. Kaboyi za ka gani suna harbe-harbe, daga baya Indiyawa suna rawa da kuka, daga baya kuma 'yan Sin suna tsalle-tsalle da naushi. Mutanen farko da suka ga hoto yana motsi a jikin bango, sai suka laƙaba wa abin suna dodon bango.

Labarin silima a ƙasar Hausa a Kano ya fi fitowa fili, saboda haka can za mu leƙa tukuna, sa'an nan mu komo gida. Cikin 1937 aka buɗe gidan silima na Rex, bayan ganuwa, wajen da baƙi ke zaune. Kwarori ne, watau mutanen Lebanon, suka riƙe sana'ar tun farkonta. Rex ba ta da rufi, kamar yawancin waɗanda suka biyo bayanta a Arewa. Fili ne kewaye da katanga, da babban bango fari a gaba. Don haka ba a iya kallo sai duhu ya yi, in hadari ya taso kuma kowa ya san inda dare ya yi masa. Wannan ma wani abin lura ne ga mai son sanin gini: Bature a ƙasarsu ya gina silima kamar fada, da rufi da darduma, mu kuwa a nan aka gina ta kamar dandali da aka yi wa shinge. Watakila shi ya sa ta shiga jinin samari da wuri, don ba ta yi musu baƙunta ƙwarai ba.

Ran Lahadi, 13 ga watan Mayu, 1951, wuta ta tashi a gidan silima na El Duniya a Kano, mutum wajen 600 suna ciki. Daga ɗakin injin ta fara. Fim na zamanin nan ana yinsa ne da wani irin abu mai kama da ƙaho mai laushi, wanda in ya ji zafi ya kan kama kamar fetur, ruwa kuma ba ya kashe shi da sauƙi. Kafin a ankara hayaƙi ya game ko'ina, mutane suka yi ƙofa gaba ɗaya, aka tattake juna. Mutum 331 suka rasu, galibinsu samari, har da ƙananan yara. Gari ya ɗauka cewa fushin Allah ne ya sauka kan masu kallon haram. Gwamnati ta sa aka yi bincike, aka bayyana sanadin wutar, amma maganar da ta riga ta shiga kunne ba ta fita da takarda.

Ana cikin wannan juyayi, shekara ta kewayo, cikin 1952 aka buɗe Palace. Wannan karon ba bayan ganuwa ba, cikin birni tsundum, kusa da kasuwar Kurmi. Malamai da dattawa suka ƙi, suka ce an kawo musu Sabon Gari har ƙofar ɗaki. Samarin unguwa suka riƙa jifan 'yan kallo da duwatsu, har sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Duk da haka gidan bai rasa 'yan kallo ba, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aiki. Cikin 1983 Gwamnan Kano, Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ya rufe shi saboda ya zama matattarar 'yan shaye-shaye, aka mai da shi asibiti. Ga wani abin mamaki kuwa: shekarar da aka buɗe Palace ita ce shekarar da aka buɗe gidan tarihi na Jos, inda Bernard Fagg ya tara gumakan Nok. Sa'o'in juna ne. Ɗaya an gina shi don a tuna da mutanen da suka shuɗe fiye da shekara dubu biyu, ɗayan kuwa mutanen da suka cika shi suna nan da ransu, wasu ma suna karanta wannan takarda, amma ba wanda ya ce a tuna da su.

Ba za mu ga laifin wanda ya mai da silima asibiti ba. Mai ciwo ya fi mai kallo bukata. Sai dai asibiti ba aikinsa ba ne ya ajiye injin haska fim, ko benci, ko allon da a ke manna hotunan wasan gobe. Haka kuma kanti, haka sito, haka ɗakin biki, waɗanda su ne makomar yawancin gidajen silima na Arewa. Abin da ya kashe su ba a ɓoye ya ke ba. Na'urar bidiyo ta shigo, kallo ya koma tsakar gida, inda matan aure ma, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba, suka sami nasu rabo. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, daga nan finafinan Hausa suka ɓarke. Cikin 2000 kuma jihohin Arewa suka ƙaddamar da shari'a, aka ƙara tsananta wa wuraren da maza da mata ke cuɗanya da dare. Katsina ma ta yi nata gidajen silima, abin da ya ci na Kano kuwa bai ƙyale su ba. Yau in ka shiga Babbar Kasuwa ta Katsina, ko wata babbar kasuwa a ƙasar nan, za ka iske yaro zaune gaban kwamfuta, ka miƙa masa wayarka da 'yan kuɗi kaɗan, ya zuba maka finafinan da dā sai ka yi wata guda kana yankar tikiti kafin ka gama ganinsu. Kallon bai mutu ba. Taruwar ce ta mutu, da ginin da a ke taruwa ciki.

To, na san abin da wani dattijo zai ce, maganarsa kuma tana da nauyi. Zai ce, “Malam, wurin 'yan iska za ka ce a adana? Wurin da in aka ga ɗanka a ƙofarsa sai ka kwana kana jin kunya?” Gaskiya ne. An sha hayaƙi a silima, an yi faɗa da wuƙa, an yanki aljihu, mace mai mutunci ba ta zuwa, yara da yawa kuma sun sha bulala a kanta. Ƙyamar nan ba ta gushe ba. Cikin 2016, da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta gina unguwar shirya finafinai a jihar Kano, malamai suka yi ca a kai, har aka fasa.

Amma dattijon nan ya ɗauki gidan tarihi kamar gidan kirari, inda ba a shigar da kowa sai wanda za a yaba. Ba haka ba ne. A Badagry, can bakin teku, ana ajiye da sarƙoƙi da marin da aka ɗaure bayi da su, ba kuwa wanda ya taɓa cewa masu ajiyar suna yabon cinikin bayi ne. An ajiye su don kada wata rana wani ya ce ba a yi ba. Mutum 331 ɗin nan na El Duniya 'ya'yan mutane ne, suna da iyaye da ƙanne. Ko da wanda ya ga sun yi kuskuren zuwa, ai ba zai ƙi a rubuta labarinsu a jikin bango ba, tare da bayanin yadda ƙuncin ƙofa da turereniya ke kashe jama'a, ko masu gina ɗakunan taro na yanzu sa ɗauki darasi.

Ban da wannan kuma, wanda ya ƙi silima ya fi kowa bukatar sanin tarihinta. Kullum ana ƙorafi cewa finafinan Hausa sun cika rawa da waƙa irin ta Indiya. Daga ina suka samo? Daga benci suka samo, a gidajen nan marasa rufi, inda iyayen masu yin finafinan suka zauna suna kallon Mother India, wanda aka yi cikin 1957, har suka haddace waƙoƙinsa ba tare da sun ji Indiyanci ba. Abin bai tsaya nan ba. Ya shiga littattafan soyayya da matan Kano suka yi ta rubutawa tun daga shekarun 1980, har masu bege da bandiri suka ari karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai. Abin da ya ratsa al'umma haka, tun daga ɗan tasha har mai bege, ba a share shi da cewa wurin banza ne. Likita ba ya maganin ciwon da ya ƙi tambayar mafarinsa.

Watakila mai karatu ya ce, to, an taɓa yin irin wannan a wani wuri, ko kuwa mafarki ne? An yi, a garin Musulmi ma. A arewacin Maroko, bakin teku, akwai birnin Tanja, mahaifar matafiyin nan Ibn Battuta. A ƙofar tsohon birnin akwai wani fili da a ke kira Grand Socco, ma'anar sunan kuwa ita ce babbar kasuwa, daidai da tamu. A bakin filin nan akwai gidan silima mai suna Rif, wanda aka gina cikin 1938. Da zamanin bidiyo ya zo, shi ma ya tsufa ya lalace kamar 'yan'uwansa. Sai wata mai sana'ar ɗaukar hoto 'yar garin, Yto Barrada, ta haɗa kai da abokan aikinta suka karɓe shi suka gyara, cikin 2006 suka kafa ma'ajiyar finafinai a ciki. Ba su sake masa fuska ba, ba su kankare sunan ba. Suka yi wurin adana tsofaffin finafinai, da ɗakin karatu, da wurin shan shayi, kuma suka ci gaba da nuna fim.

A ganina wannan na ƙarshe shi ne gwanintar aikin. Silima ba tukunya ba ce da za a sa cikin akwatin gilashi a ce ga ta nan. Inji da bango da benci, in ba haske, gawa ce kawai. Wanda bai zauna cikin duhu tare da mutum ɗari biyu ba, ya ji sun yi ihu baki ɗaya sa'ad da jarumi ya iso, bai san abin da a ke nufi da silima ba, ko da ya karanta allon bayani goma. Gwaninta ta biyu ita ce wurin. Ba su kwashe kayan sun kai bayan gari inda sai mai mota ba, suka bar su a bakin kasuwa, inda mai tallan kifi da ɗan makaranta ke wucewa kullum. Haɗarin irin wannan wuri ɗaya ne, watau ya koma na 'yan boko da baƙi masu yawon buɗe ido, talakan da aka gina shi dominsa tun farko ya riƙa leƙe daga waje. Wanda zai kwaikwayi mutanen Tanja sai ya yi hattara da wannan tun daga kuɗin shiga.

A Landan kuma akwai wani gidan tarihin silima da ya bi wata hanya dabam. Ginin ba silima ba ne tun asali, tsohon gidan gajiyayyu ne na unguwar Lambeth, inda aka taɓa ajiye Charlie Chaplin yana yaro saboda talaucin mahaifiyarsa. Ba Gwamnati ta kafa shi ba. Mutum biyu ne, Ronald Grant da Martin Humphries, na farkon ma tsohon mai juya injin silima ne. Abin da suka tara kuwa shi ne abin da kowa ke zubarwa in an rushe silima: kujeru, da rigunan masu nuna wa mutane wurin zama, da tikiti, da allunan ƙofa. Indiyawan da muka raba dare muna kallo, su ma cikin 2019 suka buɗe nasu gidan tarihin finafinai a Mumbai, wani sashinsa cikin wani tsohon gida mai suna Gulshan Mahal.

Yanzu mu komo Katsina. In da za a sami tsohon gidan silima guda ɗaya da bangonsa ke tsaye, a nan ko a wani gari na Arewa, a ce wannan ba na rushewa ba ne, me za a sa ciki? Ba sai an nemi kayan zinariya ba. A sa injin, a bar shi cikin ɗan ɗakinsa na sama, mai ziyara ya leƙa ta 'yar tagar da haske ke fita. A sa benci na masu kwabo da kujerun masu sule, kowanne a mazauninsa, don yaro ya ga yadda a ke raba mutane da kuɗi ko cikin duhu. A sa hotunan tallan wasa, da sunayen da 'yan kallo suka raɗa wa jaruman Indiya da Hausa, gama wannan ma adabi ne na baka wanda ba a rubuta ba. A sa hoton motar majigi da tafintanta. A keɓe bango guda don El Duniya. A keɓe wani kuma don maganar malaman da suka ƙi silima, a rubuta hujjarsu yadda suka faɗe ta, ba da ba'a ba, domin su ma rabin labarin ne. Gidan tarihin da ya ɓoye masu ƙi ya yi ƙarya daidai da wanda ya ɓoye masu so.

A nan kuma akwai wani aibi na gidajen tarihinmu wanda bai kamata a kai shi sabon gida ba. Sau da yawa za ka ga an ajiye abu, an manna 'yar takarda da Turanci, layi biyu, shi ke nan. Mutumin da ya sha wahala ya shiga ajin manya da furfurarsa, ya koyi karatun Hausa, sai ya zo gaban kayan kakansa ya tsaya kamar baƙo. Wa aka rubuta wa? In kayan na Hausawa ne, a ƙasar Hausa, to, bayanin ya zo da Hausa tukuna, da boko da ajami, Turanci ya biyo baya don baƙi. A gidan tarihin silima ma abin ya fi sauƙi, domin masu bayanin suna nan. Tsohon mai juya inji, da tsohon mai yankan tikiti, da mai tsiren bakin ƙofa, a ɗauki muryarsu, ko ma a ba su kujera su zauna suna ba yara labari da bakinsu.

Sa'an nan a nuna fim, ko da sau ɗaya ne a mako, da la'asar sakaliya in akwai rufi, a ware ranar mata da ranar 'yan makaranta. Abin nunawa ba zai yi wuya ba, in an yi hanzari. Ga ɗalibin tsohuwar kwalejin nan tamu, Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafinsa Shaihu Umar ya fito cikin 1934, Adamu Halilu ya mai da shi fim cikin 1976. Fim ɗin nan ya yi shekaru ba a ganinsa, har aka ɗauka ya ɓace. Sai cikin 2016 aka gano gwangwanayensa cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a birnin Balin cikin 2018. Jamusawa sun zauna sun kalli Shaihu Umar da Hausa a babban bango. Katsinawa nawa ne 'yan ƙasa da shekara arba'in suka taɓa ganinsa haka? Ga kuma Kulɓa Na Ɓarna, wasan da ɗan garin nan, Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya rubuta, wanda shi ma aka mai da shi fim a farkon shekarun 1990. Da za a haska waɗannan biyu a bakin Babbar Kasuwa, da an ga ko mutanen Katsina suna son tarihi ko ba su so.

Na ce in an yi hanzari, domin kayan nan ba su da haƙurin dutse. Gumakan Nok sun kwanta cikin ƙasa shekara dubu biyu suna jiran mai tono. Fim ba ya jira haka. In zafi da laima suka same shi, sai ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya manne da juna, hoton ya narke. Kaset ɗin bidiyo ya fi shi rauni, fumfuna ke cinye shi cikin kwali, na'urar da za ta karanta shi ma ta yi wuyar samu. Finafinan Hausa na shekarun 1990, waɗanda aka yi ɗaruruwa, yawancinsu a kaset aka fitar da su. Wanda ya fara juya inji yana ɗan shekara ashirin cikin 1965, yau ya ba tamanin baya.

Ba lalle sai Gwamnati ta fara ba, ko da ya ke ita ke da ikon hana rushe gini. Na Landan mutum biyu suka fara shi, na Tanja mace ɗaya da abokan aikinta. A kasuwar Katsina akwai attajiran da suka yi ƙuruciyarsu a kan bencin nan, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba, akwai kuma masu sayar da kaset na dā waɗanda har yanzu kwalaye ke jibge a bayan shagonsu, sun rasa yadda za su yi da su. Ɗaki guda mai inuwa da busasshiyar ƙasa ya isa a soma tarawa, da littafi guda da za a riƙa rubuta sunan kowane abu, da inda ya fito, da wanda ya kawo. Ginin ya zo daga baya. Abin da ya fi gaggawa shi ne injunan, domin injin haska fim ƙarfe ne mai nauyi, 'yan gwangwan kuwa da kilo su ke saye.